Maɓalli Na Maimaita Kansa Ko Ya Ƙi Dannuwa? Ga Yadda Ake Tambayar Kanel Inda Matsalar Take

Darasin yau ya shafi matsalar da kusan duk mai riƙe da waya ko laftof ya taɓa cin karo da ita: ka danna harafi sau ɗaya ya fito sau biyu, ko sautin waya ya riƙa raguwa shi kaɗai, ko wasu maɓallai su mutu murus. Abin da aka saba shi ne a garzaya wajen mai gyara, shi kuma ya ce ko dai a sauya kibod, ko a yi wa na'urar filashin. Na farko kuɗi ne, na biyu kuma yana iya tafiya da hotunanka da lambobinka, kuma galibi da kintace ake yanke hukuncin. Alhali akwai shaida a cikin na'urar da ke ganin duk dannawar da aka yi, da lokacin da aka yi ta. Wannan shaida shi ne kanel.

Mene ne kanel, kuma me yake gani?

Kanel shi ne ƙwayar babbar manhaja, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarafan na'ura: sikirin, batir, ma'adana, maɓallai da sauransu. WhatsApp ko Word ba su taɓa ganin kibod ɗinka ba. Abin da kanel ya miƙo musu shi suke karɓa. Za mu yi amfani da kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, saboda dalili biyu. Na farko, a buɗe yake, yana nuna maka abin da yake gani. Na biyu, shi ne a cikin kowace wayar Android, don haka darasin ya shafi abin da ke aljihunka.

Abu na farko da za ka riƙe: kibod bai san harafi ba. Lamba kawai yake aikawa, wadda ke nuna gurbin maɓallin da aka taɓa. A kibod ɗin USB, gurbin da aka rubuta wa A yana aika lamba 4. A na cikin laftof, abin da ke isowa shi ne 0x1E idan an danna, da 0x9E idan an saki. Duk lambar da ta fara da 0x an rubuta ta ne da lissafin goma sha shida da injiniyoyi ke amfani da shi, kuma 0x1E daidai take da 30. Direban kanel yana karɓar ko wacce daga ciki ya mayar da ita suna guda, KEY_A, mai lamba 30. Sai can sama, bayan saƙon ya bar kanel, wata manhaja ke duba tsarin harshen da ka zaɓa ta ce wannan gurbi harafin “a” ne. Shi ya sa babu maɓallin ƙ ko ɗ ko ɓ a wajen kanel. K da D da B ne, tsarin harshe ke lanƙwasa su.

Wannan rabo shi ne ginshiƙin binciken gaba ɗaya. Idan ɓarnar ta bayyana a rahoton kanel, daga ƙasa ta taso, wato ƙarfe ko waya ko 'yar manhajar da ke cikin kibod ɗin. Idan rahoton kanel tsaf yake amma rubutu na fita a karkace, matsalar tana sama, kuma ko sisi bai kamata ka kashe wajen sayen sabon kibod ba.

Kafin a je da nisa

Akwai “lalacewar” da ba lalacewa ba ce. Idan ka danna A ya ba ka Q, ka danna Z ya ba ka W, tsarin Faransanci na AZERTY ne ya haɗu da na Ingilishi. Masu karatunmu na Nijar sun san wannan sarai, haka waɗanda suka sayi laftof ɗin gwanjo da aka shigo da shi daga Faransa ko Beljiyam. Idan Shift da 2 suna ba ka alamar zance maimakon @, tsarin Ingila ne a maimakon na Amurka. Idan U, I, O suna ba ka 4, 5, 6 a ƙaramin laftof, Num Lock ne a kunne. A Windows kuma, riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys, wanda ke sa kwamfuta ta yi biris da dannawa mai sauri, har mutum ya rantse kibod ya mutu. Duba waɗannan tukuna.

Sai gwaji biyu marasa wahala: jona kibod ɗin USB na aro ka gani ko shi ma yana yin haka, sannan ka shiga BIOS lokacin kunna kwamfuta ka gwada maɓallan kibiya da Enter, tunda a nan babbar manhaja ba ta tashi ba tukuna.

Sauraron kibod daga bakin kanel

Ba sai ka goge Windows ɗinka ba. Ɗora Ubuntu ko Linux Mint a kan filas, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da girkawa ba. Buɗe taminal, wato baƙin allon rubuta umarni, ka sauko da 'yar manhaja mai suna evtest, ka kunna ta:

sudo apt install evtest
sudo evtest

Za ta jero maka na'urorin shigar da bayanai, kowace da lambarta. Kibod ɗin cikin laftof yawanci sunansa AT Translated Set 2 keyboard. Zaɓi lambarsa, ka fara danna maɓallin da kake zargi. Kowace dannawa za ta fito da lokaci, da sunan maɓalli, da wata lamba a ƙarshe: 1 na nufin an danna, 0 an saki, 2 kuma ana riƙe da shi yana maimaituwa. Lafiyayyen maɓalli yana ba da 1 sannan 0, shi ke nan. Gargaɗi ɗaya: duk abin da ka rubuta yana bayyana a wannan rahoto, har kalmar sirri, don haka kada ka ɗauki hoton allon ka tura wani zaure ba ka duba ba.

Yanzu ga maɓalli mai fitar da harafi biyu. A taƙaice rahotonsa kan yi kama da haka:

402.113 KEY_E 1
402.171 KEY_E 0
402.179 KEY_E 1
402.186 KEY_E 0

Dubi tazarar layi na biyu da na uku. Milisakan 8 ce kacal, kuma milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Babu yatsan da ke ɗagawa ya sake dannawa cikin wannan lokaci. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da ƙarfe biyu suka haɗu ba sa mannewa nan take, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle kamar ƙwallon da aka yar a siminti. Masu ƙera kibod sun san da haka, shi ya sa 'yar manhajar cikinsa ke jira kamar milisakan 5 kafin ta yarda an danna da gaske. Idan ƙarfen ya gaji, ko ya yi tsatsa, ko ƙura ta shiga tsakani, tsallen sai ya wuce lokacin jiran, kibod ya ƙirga shi dannawa ta biyu. Kanel bai yi laifi ba, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Wannan matsalar ƙarfe ce, filashin ko sau goma ba zai taɓa ta ba.

Kuma kada ka ɗauka sai kayan araha ke yin haka. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wani siririn kibod a kwamfutocin MacBook, wanda aka yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi saboda siffar abin da ke ƙarƙashin maɓallansa. Ɗan ƙurar da ba ta kai ta kawo ba takan sa harafi ya maimaitu ko ya ƙi fitowa. A 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, ya daina amfani da tsarin gaba ɗaya a 2020, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. In ƙurar ofisoshinsu ta yi wannan aiki, sai ka auna abin da ta hunturu ke yi wa laftof ɗin da ake bari a buɗe.

Idan ba ka da halin gyara yanzu, akwai dabarar rage zafi: Bounce Keys a Linux, ko Filter Keys a Windows, suna watsi da dannawa ta biyu idan ta zo da sauri fiye da kima. Sai dai a rubutun Hausa a yi hattara, domin muna da baƙaƙe masu ninki da yawa. Ka tsawaita lokacin da yawa, “sannu” ta koma “sanu”, “babba” ta koma “baba”.

Maɓallin da ya maƙale, da wanda ake yi wa ƙazafi

Nan ne darasin ya fi daɗi. Idan ka ga 1, sannan 2, 2, 2 ba iyaka, babu 0, to kanel bai samu labarin an saki maɓallin ba. Hanya biyu ce. Ko dai maɓallin ya maƙale da gaske, saboda shayi ko lemo da ya zube ya bushe, ko kuma maɓallin lafiyarsa ƙalau, saƙon sakin ne ba a aiko ba.

Don gane ta biyun sai mun koma baya kaɗan. A 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT, wadda ke da wani ɗan guntu na Intel mai lamba 8042 a matsayin ɗan aike tsakanin kibod da kwamfuta. Guntun kansa ya daɗe da ɓacewa, amma har yau laftof masu yawa suna kwaikwayonsa, ta hanyar wani ƙaramin guntu a madabod wanda shi ne kuma ke kula da fanka da cajin batir. Shi ya sa direbobin Linux na wannan ɓangare har yanzu sunayensu i8042 da atkbd, na Windows kuma i8042prt.sys. Matsalar ita ce kowane kamfani da yadda yake kwaikwayon, kuma ba kowa ke yin sa daidai ba. An samu samfuran laftof na Dell da HP da Samsung da Fujitsu waɗanda wasu maɓallansu na musamman, irin na ƙara sauti ko hasken sikirin, ke aiko da “an danna” ba su taɓa aiko da “an saki” ba. Ka taɓa sau ɗaya, sauti ya yi ta hawa har ƙarshe.

Masu rubuta kanel ba su iya gyara guntun da ke cikin miliyoyin kwamfutoci ba, sai suka yi masa dabara. A cikin direban atkbd akwai jerin irin waɗannan samfura, kuma da zarar kanel ya gane yana kan ɗaya daga cikinsu, shi da kansa yake ƙirƙiro saƙon sakin bayan kowace dannawa. Ana kiran wannan force_release, kuma akwai fayil mai wannan suna a ƙarƙashin /sys/bus/serio/devices/serio0 inda za ka ga lambobin da ake yi wa haka. Yadda za ka bambance: idan maɓallan Fn kaɗai ke yi, kuma kullum haka suke yi ba fashi, kuma a Windows lafiya lau suke, ba datti ba ne, halin guntun ne. Datti ba ya da tsari irin wannan. Yau ya yi, gobe ya bari.

Kanel yana da kundin da yake rubuta koke-kokensa. Ana karanta shi da wannan umarni:

sudo dmesg -w

Bar shi a buɗe ka danna maɓallin. Idan ka ga layi daga atkbd mai cewa Unknown key pressed tare da wata lamba, albishir ne: maɓallin na aiki, saƙonsa ya iso, kanel ne bai san sunan da zai ba shi ba. Layin da ke biye ma yakan gaya maka ka yi amfani da setkeycodes ka raɗa masa suna. Amma idan irin waɗannan layuka na zubowa da lambobi barkatai alhali ba ka taɓa komai ba, ka zargi laima ko wayar kibod da ta sassauta.

A kibod ɗin USB kuwa, abin nema shi ne USB disconnect yana maimaituwa, ko error -71, ko error -110. Na farkon lambobin na nufin saƙo ya iso a dagule, na biyu kuma an jira amsa ba ta zo ba. Sau da yawa waya ce ta karye daga ciki, ko ramin USB ya gaji, ko wuta ba ta isa. Masu jona kibod a waya ta OTG su lura da wannan na ƙarshe, musamman kibod mai fitilu, don wutar da waya ke bayarwa kaɗan ce.

Idan shiru ne gaba ɗaya

Ka danna, evtest bai nuna komai ba, dmesg ma shiru. Saura mataki ɗaya a ƙasa. Duk sanda kibod ɗin cikin laftof ke da saƙo, yana buga wa kanel ƙararrawa ta layi mai lamba 1, kuma kanel na ƙirga bugun:

watch -n1 grep i8042 /proc/interrupts

Layin da ya fara da 1 shi ne na kibod. Na 12, in akwai, na linzami ne. Danna lafiyayyen harafi, za ka ga adadin ya ƙaru da biyu, dannawa da saki. Danna mataccen. Idan adadin bai motsa ba, saƙon bai ma baro kibod ba.

A nan sai ka ɗauki biro ka rubuta duk maɓallan da suka mutu. Maɓallan kibod ba kowanne da wayarsa ba. An jera su ne kamar saƙar tabarma, layuka a tsaye da layuka a kwance, kowane maɓalli na zaune a mahaɗar biyu. Maɓalli ɗaya tak ya mutu, matsalarsa ce shi kaɗai, wataƙila robar ƙarƙashinsa ko datti. Amma biyar ko takwas su mutu rana ɗaya, layi guda ne ya yanke, kuma mafi yawan lokaci a siririyar wayar fileks da ta haɗa kibod da madabod. Wani lokaci zare ta a goge a mayar kawai ya wadatar.

Wannan saƙa ita ce kuma ke jawo abin da masu wasan gem ke kuka da shi, na riƙe maɓalli uku na huɗu ya ƙi shiga. Idan maɓallai uku suka zauna a kusurwa uku na murabba'i a saƙar, wuta kan zagaya ta nuna kamar an danna na kusurwa ta huɗu. Don gudun wannan fatalwar dannawa, kibod mai araha yakan toshe haɗin gaba ɗaya, mai tsada kuma yana sa wa kowane maɓalli diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ban da haka, tsarin USB na asali maɓalli 6 yake ɗauka lokaci guda, ban da su Shift da Ctrl da Alt. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi.

Idan kuwa kibod ɗin gaba ɗaya na aiki a BIOS amma ya mutu da zarar Linux ya tashi, ko bayan kwamfuta ta farka daga barci, mun koma kan kwaikwayon 8042 ɗin nan. Ana gwada ƙara i8042.reset ko i8042.nomux ko i8042.nopnp a layin tayar da kanel. Shawarata a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Masu kwafo biyar daga intanet su zuba lokaci guda, ko ta gyaru ba za su san wanne ya yi aikin ba.

To, wayar hannu fa?

A wajen kanel, maɓallan sauti da na kunnawa da ke gefen wayarka kibod ne mai maɓalli uku: KEY_VOLUMEDOWN mai lamba 114, KEY_VOLUMEUP 115, da KEY_POWER 116. Android na da nata evtest ɗin mai suna getevent, kuma a yawancin wayoyi ba ya buƙatar a yi rutin. Shiga Settings, ka nemi Build number a ƙarƙashin About phone, ka taɓa shi sau 7 don buɗe Developer options, ka kunna USB debugging. Jona wayar da kwamfutar da aka saka wa adb, ka rubuta:

adb shell getevent -lt

Danna maɓallin rage sauti, za ka ga KEY_VOLUMEDOWN DOWN, ka saki ka ga UP. A wayoyi masu guntun MediaTek, irin yawancin Tecno da Infinix, za ka iya ganin sunan mtk-kpd a jerin. A wasu kuma gpio-keys. Ajiye wayar a tebur ka zuba ido. Idan DOWN da UP na fitowa ba wanda ya taɓa ta, maɓallin ne ko fileks ɗinsa, ko kuma rigar wayar ce ta matse shi, don haka cire rigar ka sake dubawa. Idan maɓallin ya riga ya maƙale tun kafin ka fara, ba za ka ga sabon layi ba. Yi amfani da getevent -lp, wanda ke sa alamar tauraro a gaban duk maɓallin da kanel ke ɗauka a danne yake a yanzu.

Wannan ɗan bincike na iya ceton bayananka. Wayar Samsung da ke tashi a Safe mode kullum, ko Redmi da ke faɗawa Fastboot duk sanda aka kunna ta, sau da yawa maɓallin rage sauti ne ya maƙale, domin riƙe shi lokacin kunnawa shi ne hanyar shiga waɗannan wurare. Mai gyaran da ke gaggawa zai ce manhaja ce ta lalace, a yi filashin. A goge komai, wayar ta tashi, ta koma inda take.

Kibod ɗin kan sikirin, irin Gboard, labarinsa daban. Shi manhaja ce kawai, kanel bai san da shi ba. Abin da kanel ke gani shi ne wurin da yatsa ya taɓa gilashi, a layuka masu suna ABS_MT_POSITION_X da ABS_MT_POSITION_Y. Idan waya na rubutu da kanta, ko wasu haruffa sun ƙi taɓuwa, ba ka ma buƙatar kwamfuta: a Developer options kunna Pointer location, ka ja yatsa a hankali ko'ina a sikirin. Inda zanen ya yanke, nan gilashin ya mutu, kuma za ka ga haruffan da ke ƙin fitowa a kan wannan layi suke. Idan ɗigo na bayyana ba ka taɓa ba, zare caja ka sake gwadawa, domin caja marar kyau na aiko da wuta mai hayaniya da ke rikita sikirin, kuma da yawa daga masu wannan kuka lokacin caji kaɗai abin ke faruwa. Idan kuwa zanen na bin yatsanka tsaf ko'ina amma rubutu na ci gaba da shirme, sikirin ɗinka lafiya yake. Share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar kibod ɗin, ko ka sauko da wata ka gwada.

Idan za ka kai gyara, tafi da abin da ka gani a rubuce: sunayen maɓallan da suka mutu, ko hoton layukan DOWN da UP da ke fitowa su kaɗai. Ka ce a fara duba fileks da maɓallin gefe kafin a taɓa manhaja, kuma ko da wane irin gyara za a yi, kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, sannan ka kashe USB debugging kafin wayar ta bar hannunka.